Ranar da Kwamfuta Ta Nemi Izinin Yaya

Gwaggo ta iso daga Mafaza ranar wata Talata, a tsakiyar yankan riɗi, lokacin da babu mai yin tafiya sai dole. Yayar Baba ce, ta girme shi da shekara takwas ko tara, kuma ita kaɗai ce a duniya take kiransa Auta. Baba a lokacin ya haura saba'in. Dillali ne a kasuwar amfanin gona ta Gadarif, irin mutumin da zai damƙi dawa a tafin hannu ya gaya maka yankin da aka noma ta, kuma babu mai musa masa. Amma Gwaggo na saukowa daga raksha, ɗan keken haya mai ƙafa uku, ta ce, "Auta, ɗauko min jakata," sai ya sunkuya ya ɗauko.

Wani ɗan falash ne ya taso ta, bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Kakanmu, mahaifinsu, ya baro ƙasar Hausa da ƙafa yana saurayi da niyyar aikin hajji. Ya sauke farali, a hanyar komawa ya tsaya a bakin kogin Rahad ya yi noman damina ɗaya don ya sami guzuri. A nan ya yi aure, a nan ya tsufa, a nan aka binne shi. Abin da ya bar wa 'ya'yansa game da can gida shi ne sunan ƙauye, da labarin wata rijiya, da wata kuka da ya ce maza goma ba sa kewaye ta da hannu. A wannan shekarar wani ɗan kasuwa mai zirga-zirga tsakanin nan da can ya bi sunan ƙauyen har ya gano zuri'ar ƙanin Kaka. Suka ɗauki bidiyo, suka sa a falash, suka naɗe shi a takarda kamar laya suka ba shi ya kawo mana. Kwana tara Baba yana yawo da shi a aljihun jallabiyarsa. Ya ce babu idon da zai gani kafin na yayarsa.

Ni malamar lissafi ce a makarantar 'yan mata, kowa a unguwa Ustaza yake ce min, saboda haka duk abin da ke da waya ko maɓalli a gidanmu ni ake kira. Kwamfutar gidan kuwa ta Yaya ce, babban wanmu. Ta hannu ya sayo a Khartoum, yana duba labarin ruwan sama da ita, yana kallon ƙwallo. Ya buɗe min ɓangarena a ciki don in riƙa buga tambayoyin jarrabawa, ya bar nasa ɓangaren a kulle. Shi a lokacin yana gona, can wajen Gallabat, tare da masu yankan riɗi. Riɗi idan ya nuna ba ya jiran kowa, kwana kaɗan aka yi sakaci sai ya fashe ya zube a ƙasa.

Ranar Laraba bayan la'asar aka share rakuba, rumfar tsakar gidanmu, aka jera angarib uku, gadajen igiya, Inna ta soya bunnin jabana, gahawarmu ta nan, har ƙamshinsa ya kira maƙwabta biyu da ba a gayyata ba. Aka zaunar da Gwaggo a tsakiya. Matar Yaya ta tsaya a bayana da faranti. Baba ya zaro falash ya yi bismillah ya miƙo min da hannu biyu.

Na sa, na danna. Sai muryar wani tsoho ta cika rakubar: "Salamu alaikum, 'yan'uwanmu na gabas."

Kowa ya amsa. Gwaggo ta amsa har da tambayar gajiya. Amma fuskar kwamfutar baƙa ƙirin take, babu ko inuwar mutum.

Gwaggo ta matso da ido, ta daɗe tana kallo, ta ce, "Su can ba su da rana ne?"

Da na ce ban sani ba, da abin ya tsaya nan. Amma ga maƙwabta, ga Gwaggo, ga sunan Ustaza. Na gyara zama na ce barnamaj ɗin da ke nuna bidiyo ne ya tsufa, zan cire shi in sa sabo, ina da sabon a falash ɗina na makaranta, aikin minti biyar ne. Na shiga foldar da tsohon yake, na zaɓe komai na danna gogewa. Yawancin fayilolin suka tafi. Biyu suka ƙi, ban kula su ba. Na danna sabon.

Sai wani ɗan akwati ya fito da rubutun Larabci. Ya ce ba ni da izinin yin wannan aiki, in nemi izini daga mas'ul, wato mai iko da kwamfutar, in rubuta kalmarsa ta sirri.

Na sake dannawa. Akwatin ya sake fitowa. Na koma bidiyon, don aƙalla mu ci gaba da jin murya, sai na tarar ita ma muryar ta tafi tare da abin da na goge.

Baba ya ce, "Me ta ce?"

Na ce, "Izini take nema, Baba. Daga mas'ul."

Ya ajiye finjalin gahawarsa. "Wane ne mas'ul a gidan nan in ba ni ba?"

Ya taso ya sunkuya a gaban kwamfutar, ya gaya mata da Larabci, da ƙarfi, kamar yadda yake magana da sabon ɗan dako, cewa shi ne mas'ul. Na yi masa bayani cewa rubutawa ake yi. Ya sa tabarau, ya nemi haruffan sunansa ɗaya bayan ɗaya da yatsa guda, har da sunan Kaka da na kakan Kaka. Kwamfutar ta ce kuskure ne.

Gwaggo ta ce, "Matsa, Auta. Ta san ba kai ne babba ba."

Ta goge babban yatsanta a tob ɗinta, mayafin da ta lulluɓa da shi, ta dangwala shi a tsakiyar gilashin, ta danna sosai kamar yadda ake yi a ofis idan mutum bai iya sa hannu ba. Shatin yatsan nan ya yi mako a wurin, don babu wanda ya yi ƙarfin halin gogewa tana gani.

A ƙarshe na gaya musu gaskiya: mas'ul ɗin da take nufi Yaya ne, shi ya kafa ta, shi kaɗai ya san kalmar. Baba bai ji daɗi ba. Ya ce shi ya haifi mas'ul ɗin, shi ya raɗa masa suna, shi ya yi masa aure. Na ce duk kwamfutar ba ta san wannan ba. Ya ce to an yi mata mugun raino.

Maƙwabciyarmu ta ce a gwada talabijin ɗinta, yana da wurin sa falash. Aka tafi da ayari, Baba a gaba. Talabijin ya ce bai san irin wannan fayil ba. Na kawo shawarar a kai shagon gyara a kasuwa. Baba ya ce fuskokin matan danginsa da shi kansa bai taɓa gani ba, ba za a fara buɗe su a gaban 'yan shago ba. Saura Yaya, kuma a gonarsa babu shabaka, waya ba ta shiga ko kaɗan. Baba ya ce a bar masa, akwai direban lori da ke kai wa ma'aikata ruwa da gari, zai ba shi saƙo da safe a kasuwa. Na ce in rubuta. Ya ce shekara hamsin yana aika saƙo da baki, ko buhu ɗaya bai taɓa ɓata ba.

Ranar Alhamis na dawo daga makaranta na zauna ina gwada sa'a. Na sa shekarar haihuwar Yaya, na sa lambar tarakta, na sa sunan ƙungiyar ƙwallonsa. Can na fita daga ɓangarena na je ƙofar nasa, na gwada a can. Da na yi kuskure sai wani ɗan layi ya fito a ƙasa, irin tunin da mutum ke rubuta wa kansa don kada ya manta kalmarsa. Yaya ya rubuta: habibata fara, wato masoyiyata fara.

Ban san matar Yaya na tsaye a bayana ba sai da na ji ta ajiye tsintsiya. Mace ce mai sanyin magana, ba ta da hayaniya, kuma baƙa ce kyakkyawa, irin baƙin da ke sheƙi. Duk wanda zai kwatanta ta, ko makaho ne, ba zai ce fara ba.

Ta ce, "Ustaza, karanta min wancan."

Na ce, "Ai kin iya karatu."

Ta ce, "Na iya. So nake in ji daga bakin danginsa."

Na karanta. Ta gyaɗa kai ta ce in rubuta sunanta duk da haka, wataƙila a idonsa haka take. Na rubuta, kwamfutar ta ƙi. Ta ce in sa na 'yarsu, ita ta ɗauko hasken Inna. Ta ƙi. Inna da ke tankaɗe a gefe ta gyara ɗankwali ta ce, "Ku kam ba ku da tunani. Wace fara ce a gidan nan da ta wuce uwarsa?" Na rubuta sunan Inna. Da kwamfutar ta ƙi, Inna ta ce Allah ya shirya, ta koma kan rariyarta.

Gwaggo kuwa tun safe take lissafa awakinta da ta bar wa maƙwabta a Mafaza. Ta ce da ta san jiran izini za ta zo yi, da ta tafi ofishin gwamnati, can aƙalla akwai benci.

Direban ya dawo ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Baba ya shigo da shi har rakuba don kowa ya ji da kunnensa. Mutumin ya sha ruwa, ya goge baki, ya ce, "Na same shi a cikin riɗi, na gaya masa Alhaji ya ce jihaz, kwamfutar nan tasa, tana neman izininsa. Ya ce in gaida kowa. Ya ce ya ba da izini, ku yi duk abin da kuke so da ita."

Baba ya juya ga kwamfutar ya ce, "To, kin ji."

Ya sa ni na danna. Akwatin ya fito kamar jiya.

A wannan karon matar Yaya ce ta shiga ɗaki ta rubuta takarda, ta ninke ta huɗu ta ba direban. Har yau ban san abin da ta rubuta ba. Na dai san washegari kafin azahar wayata ta yi ƙara, kuma Yaya ne. Daga baya muka ji cewa ya bar ma'aikata, ya sa an tuƙa lorin zuwa wani tudu, ya hau saman kan motar ya ɗaga waya sama har shabaka ta kama.

Na sa muryar a fili. Iska na kaɗawa a cikin wayar kamar ana sheƙar dawa.

"Ustaza! Wace fara? Wa ya ce fara? Ni ban san wata fara ba!"

Na ce, "Yaya, kai ka rubuta. Tunin kalmar sirrinka."

Sai muka ji ya fashe da dariya, yana yi yana tari. Matarsa ta naɗe hannu a ƙirji. Ya ce, "La ilaha illallahu! Ai wannan, rubuta kawai, Fat..."

Wayar ta yanke. Na kira sau bakwai, ba ta shiga ba.

Ban taɓa sanin yawan matan da sunansu ya fara da waɗannan haruffa a unguwarmu ba sai ranar. Inna ta kawo huɗu. Gwaggo, da ba 'yar garin ba, ta kawo biyu daga Mafaza, ɗaya ma ta rasu tun Yaya na goye. Matar Yaya ba ta kawo kowa ba, tana dai saurare, duk wadda aka ambata sai ta ce, "Wannan ba fara ba ce," ko "Wannan ta haifi uwarsa." Har an kai ga mai sayar da shayi a bakin tasha.

Baba na kwance a angarib da hula a kan fuska. Muka ga cikinsa na rawa. Ya cire hular, hawaye na zubo masa don dariya.

Ya ce, "Fatarita."

Fatarita dawa ce, fara fat kamar alli, mai jure ƙarancin ruwa. Baba ya ce shekara shida ke nan suna faɗa da Yaya a kanta. Shi yana ce masa ya shuka irin da ke da daraja a kasuwa, Yaya na cewa fatarita ba ta taɓa ba shi kunya ba, ko damina ta yi gardama sai ta kawo wani abu gida. Baba ya ce, "Na sha gaya masa ya aure ta in ya ga dama. Ashe ya ji maganata."

Matar Yaya ta ɗauki tsintsiyarta ta koma shara. Da yamma ta tuƙa asida da garin fatarita, ta ajiye kwanon a gaban Baba da Inna ta ce, "Bismillah. Ku ci habibar ɗanku."

Amma kafin yammar sai da na sha wata wahalar. Na rubuta fatarita da haruffan boko, ta ƙi. Na canza wasula, na ninka harafi, na sa babban baƙi a farko, duk ta ƙi. Na ajiye girman kai na kira sakatariyar makarantarmu, wadda ita ce ta san kwamfuta da gaske, ni suna kawai na tara. Ta saurare ni har ƙarshe, ta ce, "Wanki da wane rubutu yake rubuta wa matarsa saƙo?" Na ce da Larabci. Ta ce, "To juya maɓallan zuwa Larabci mana, ya Ustaza."

Na juya, na rubuta. Ɓangaren Yaya ya buɗe, da hoton tarakta a bango. Inna ta rangaɗa guɗa, maƙwabta suka leƙo ta katanga suna tambayar wa ya haihu.

Na danna sabon barnamaj da ƙarfin gwiwa. Ya fara shiga, layin ya yi nisa, ya kai rabi, sai ya tsaya. Wani akwatin ya fito: ba a iya rubutu a wannan folda ba, an hana shiga.

Baba ya ce, "Yanzu kuma izinin wa? Na sarkin Makka?"

Sakatariyar na kan waya har lokacin. Ta tambaye ni yadda na cire tsohon. Na gaya mata da murya ƙasa-ƙasa. Ta ce ba haka ake cire barnamaj ba, na rushe ɗaki ne na bar mutum biyu a ciki sun kulle ƙofa. Fayilolin nan biyu da suka ƙi gogewa suna aiki a ɓoye, su suka tare wurin. Ta ce in kashe kwamfutar in kunna, in shiga ta ɓangaren Yaya, in goge ragowar foldar kafin in taɓa komai. Sannan kada in danna sabon kai tsaye, in danna masa maɓallin dama na linzami, in zaɓi layin da ya ce a gudanar da shi a matsayin mas'ul.

Na kashe. Maimakon ta mutu, sai ta yi shuɗi ta rubuta cewa tana sabunta kanta, kada a kashe ta. Na fassara wa Baba. Ya ce da izini take nema, yanzu ta koma ba da umarni, gobe sai ta ce a kawo mata shayi. Muka yi sallar la'asar, muka dawo, tana nan tana juya ɗigoginta. Sai da rana ta yi sanyi ta gama.

Na bi abin da aka gaya min daki-daki. Foldar ta gogu ba gardama. Na danna dama, na zaɓi layin, ta tambaye ni ko na yarda, na ce na yarda. Layin ya cika har ƙarshe. Baba ya sake zaro falash daga aljihu.

Abin da muka fara gani na ƙasar kakanninmu takalmin roba ne. Mai ɗaukar hoton ya kunna waya yana tafiya bai ɗaga ta ba, muka daɗe muna kallon ƙafafunsa da jar ƙasa da kashin awaki. Gwaggo ta ce ƙasar tana da kyau, za ta yi gyaɗa. Can hoton ya ɗago, sai ga tsohon mai sallama zaune a tabarma, da mata da yara cike a bayansa.

Gwaggo ta buga cinya. "Kunnuwan Auta!"

Gaskiya ne. Kunnuwan Baba ne sak, manya masu buɗewa kamar marfin tukunya, a kan wani mutum da ke nesa da mu tafiyar watanni a ƙafa. Baba ya kai hannu ya taɓa nasa.

Tsohon ya yi ta jero gaisuwa da sunayen waɗanda suka rasu. Hausarsa tana da daɗi, amma wasu kalmomin sai an tsaya. Ya ce bara ya kwanta a asibiti, Gwaggo ta juyo ta ce, "Ina ne Asibiti? Kusa da Kano?" Na ce mustashfa yake nufi, a rediyo na taɓa ji. Ya ce an kawo musu lantarki, na ce kahraba. Gwaggo ta ce Allah sarki, Hausarsu ta lalace.

Aka kai mu rijiyar. An yi mata baki da siminti, an kafa famfo. Aka juya ga kukar. Wata matsakaiciyar bishiya ce, da akuya ɗaure a gindinta, mu uku ma za mu kewaye ta har hannu ya yi saura. Baba ya buɗe baki zai yi magana, Gwaggo ta riga shi.

"Wannan 'yarta ce," in ji ta.

Daga nan aka dawo kan tsohon. Aka miƙo masa wani abu naɗe a tsumma, ya warware. Allo ne, ya yi baƙi don tsufa, gefensa ɗaya ya tsage. Ya ce na wan mahaifinsa ne, wanda ya tafi hajji. Ranar da zai tafi ya rataye shi a ɗaki ya ce kada a wanke, zai dawo ya ƙarasa. Mahaifinsa ya ajiye shi har ya rasu, shi ma ya ajiye. Ya matso da allon kusa da wayar. Tawadar ta dushe, amma ana ganin layi huɗu da rabi.

Gwaggo ta ja tob ta rufe fuska. Baba ya miƙe ya ce zai je ya duba jaki. Ba mu da jaki.

Gwaggo ta ƙara mako guda a wurinmu. Kullum bayan la'asar sai an kunna mata, kuma kullum sai ta amsa sallamar tsohon, ta tambaye shi jiki. Kafin ɗan kasuwar ya juya muka ɗauki namu bidiyon da wayata. Baba ya sa jallabiyar Idi da rawani, ya zauna a gaban waya, sai tsoro ya kama shi ya yi jawabinsa gaba ɗaya da Larabci, aka sake. Gwaggo ba ta buƙaci sakewa ba. Ta gaishe su gida-gida, ta ba su labarin inda aka binne Kaka da irin itacen da ke kansa, sannan ta yi musu faɗa a kan tsumman da suka naɗe allon da shi, ta ce ko ƙyalle mai kyau babu a ƙasar Hausa? Ta cire sabon mayafinta ta ce a kai musu.

Ta kuma ce sai an haɗa da buhun riɗi guda. Ɗan kasuwar ya ce shi jirgi zai hau. Ta ce to jirgin ba ya ɗaukar kaya ne? Suka yi ta ja har aka tsaya a kan ƙulli ɗaya a leda, wanda ta ɗaure da kanta, ta kwance, ta ƙara hannu biyu, ta sake ɗaurewa.